Amsar tambayar Goggo a kan ganyen daji da muke tsinka a Ingila

Goggo, ina gaisuwa tare da fatan kowa a Daura yana lafiya. Kin tambaya ko gaskiya ne mu Hausawan da muka daɗe a arewacin Ingila muna shiga daji muna tsinko ganye, kuma ko rashi ne ya kai mu ga haka. Gaskiya ne muna yi, amma ba don rashi ba, domin kasuwa cike take da alayyafo. Marmarin kwaɗo ne, irin wanda kika saba yi mana da tafasa idan damina ta sauka.

Lokacin namu ya sha bamban da naku. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da zafin bazara ke ƙona Daura, a nan sanyi ne yake karyewa, ƙasa kuma ta yi kore shar. Abin da muke fara nema shi ne tafarnuwar daji, wadda ke fitowa a inuwar itatuwa inda ƙasa ke da laima, kuma tun daga nesa ƙamshinta ke sanar da mutum. Ganyenta ake ci, mu kan yanka shi a miyar taushe dab da saukewa.

Wanda na fi so shi ne wani ganye da Turawa ke kira netil. Gashi ne a jikinsa mai harbi kamar cizon cinnaka, shi ya sa sai da safar hannu ake taɓa shi, kuma ganye huɗu zuwa shida na can sama kawai ake cira, tun kafin ya yi fure. Idan ya yi minti biyu a tafasasshen ruwa, zafin ya mutu. Sai a matse, a yanka, a zuba dakakken ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir da yaji. Ranar da na fara haɗa shi, sai da na tuna tsakar gidanki.

Inda nake so ki fahimce mu, Goggo, shi ne sanin da muka zo da shi daga gida bai isa a nan ba. Ke kina gane yaɗiya da gasaya ko da ido rufe, mu kuwa sai da muka koya daga farko. A tsakiyar tafarnuwar dajin akwai wani ganye mai guba da ke tsirowa, wanda idan ya girma yake kama da kan kibiya, amma yana ƙarami yana saje da ita. Shinshinawa ba ta wadatar, tunda hannu kan ɗauki ƙamshin tafarnuwar, don haka ɗaya bayan ɗaya muke tsinka, kuma ba ma barin baƙuwa ta je ita kaɗai. Muna kuma guje wa bakin hanya saboda fitsarin karnuka.

Akwai doka ma. Dokar 1968 ta ce tsinkar ganyen da ya fito da kansa ba sata ba ce idan ba don sayarwa ba, ta 1981 kuma ta hana tumɓuke tsiro da saiwarsa sai da izinin mai fili. Saboda haka idan mun cika leda ɗaya sai mu tsaya. Ƙuli-ƙulin da kika aiko ya kusa ƙarewa, netil kuwa sai ƙarshen Mayu zai tsufa.