Amsa ga jikata a kan laita da fitilar ibada

Kannamma, jikata, saƙonki ya iso, kuma sai da na yi dariya har ƙanen mahaifinki ya leƙo ya tambaye ni lafiya. Kin ce ashana tana ƙona miki yatsa kafin lagwani ya kama, saboda haka kina so ki san ko ya halatta ki kunna fitilar ɗakin ibada da doguwar laitar nan ta murhun gas, ko kuma ki sayi fitilar batir tunda na'urar gano hayaƙi ta gidanku na Landan ba ta da haƙuri. Bayan dariyar kuma sai jikina ya yi sanyi, domin na fahimci cewa a duk unguwarku babu wata tsohuwa da za ki kalli hannunta ki koya.

Ni a hannun surukata na koya, shekarar da aka kawo ni garin Tiruvannamalai na kudancin Indiya ina amarya. Ranar Karthigai Deepam ce, bikin fitilu na mabiya addinin Hindu, a watan da ke faɗowa tsakanin Nuwamba da Disamba, lokacin da damina ke kanmu a Tamil Nadu. Tun wajen ƙarfe 4 na asuba aka kunna fitilar da ake kira Bharani Deepam a cikin haikalin Annamalaiyar, wato ubangiji Shiva, mu kuwa muka wuni da azumi muna wanke ƙananan fitilun yumɓu, muna murza lagwanin auduga a tafin hannu, muna zuba man riɗi. A garinmu babu gidan da ke kunna fitila ranar nan sai an ga wuta a kan dutse. Can a ƙololuwa, sama da ƙafa 2,600, akwai ƙatuwar tukunyar tagulla cike da man shanu, lagwaninta kuma dogon ƙyallen auduga ne, kuma zuriyar masunta ce ke da hakkin kunna ta tun kakanni. Da ƙarfe 6 na yamma wutar ta tashi, gari ya ɗauka da kirarin ibada na "Arogara", surukata ta kwance kwalin ashana daga bakin zanenta na sari, sai ga shi danshin ruwan sama ya shige shi. Ta ƙyasta na farko kansa ya marmashe, na biyu ma haka, rufin maƙwabta duk ya haskaka, namu shiru. Surukina ya zaro nasa kwalin daga aljihu, wanda yake kunna tabar bidi da shi, ya miƙa mata. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ci gaba da goga tsinken a gashin kanta don ya bushe, tana ƙyastawa, har ɗaya ya kama, ta kunna ƙaramar fitilar hannu, daga ita ta kai wuta ga babbar fitilar tagulla mai baki biyar, sannan ta miƙo mini in bi sauran.

Da dare na tambaye ta dalili, ta ce wutar da ta saba zuwa bakin mutum ba ta zuwa gaban ubangiji. Ita ce kuma ta hana ni hure fitila da baki, ta ce numfashi kamar ragowar abinci ne, a ja lagwani cikin mai ko a taɓa shi da fure. Amma ki lura, ashanar da take karewa ɗin nan ita ma baƙuwa ce. Sai a shekarun 1920 aka fara masana'antarta a garin Sivakasi na nan Tamil Nadu, kuma surukata ta sha gaya mini cewa kakarta ba ta yarda da ita ba saboda warin sinadarinta, garwashi take adanawa a ɓawon kwakwa. Har yau a manyan hadayu na Veda, tsoffin littattafan addininmu, malamai suna murza itace a kan itace su fitar da wuta, sai dai ban taɓa ganin an ɗora wa matar gida wannan ba.

Abin da ya fi damuna shi ne gaggawarku. Na ga matar ɗan'uwanki ta dawo daga aiki, waya a kunne, ta danna wuta ta wuce ba tare da ta wanke ƙafa ba, kuma da ashana ta yi hakan, saboda haka kada ki ɗauka ashana ce ke gyara ibada. Idan laita za ki saya, ki sayi sabuwa, ki ajiye ta kusa da mai da lagwani, kada ta shiga kicin, kuma ki kunna ƙaramar fitila da ita tukuna. Yatsanki kuwa yana ƙonewa ne domin kina nutsar da lagwani. Ki jiƙa bakinsa da mai, ki matse shi ya yi tsini, zai kama nan take.

Zancen fitilar batir ki bar shi sai kin zo, mu je tare ki tambayi malamin haikali da bakinki, domin ni ban san abin da ake zuba mata ba balle in ce an miƙa wani abu. Ki gaya wa mijinki ya nemi hutu tun yanzu, saboda motoci ba sa shiga gari ranar Deepam.

Paatinki, wato kakarki