Ɗoki ba doki ba ne: amsa ga wata ɗaliba a Makka

Tambayar wannan makon daga Makka ta zo, daga wata yarinya 'yar shekara 14 da ke zaune da iyayenta a wajejen Shara Mansur. Ga abin da ta rubuto:

"Assalamu alaikum Malam. Kawuna ya zo Umra daga Kano, ya kawo min tsarabar littattafan Hausa. A nan aka haife ni, ina jin Hausa, amma da Larabci nake karatu. Kakata ta ga ina ta jujjuya su na ƙi ajiyewa, sai ta ce doki ya kama ni. Wane doki kuma? Ta ƙara da cewa karatu farkonsa madaci ne. Mene ne madaci? Sannan kalmar littafi Hausa ce ko Larabci?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya saka wa kawunki da alheri. An saba daga wajenku tsaraba take fitowa, dabino da zamzam da carbi, yau ga shi an kai muku wadda ta fi ƙarko.

Kakarki ɗoki ta ce, da ɗ mai lanƙwasa. Doki shi ne wanda ake ɗaura wa sirdi a hau ranar sallah. Ɗoki kuwa murna ce haɗe da ƙosawa, irin ta yarinyar da aka ɗinka wa kayan sallah, ta kwana da su kusa da kanta, tana farkawa tana shafawa ta ji ko suna nan. Larabci ba shi da wannan sauti, shi ya sa ma magabata da suka rubuta Hausa da ajami suka ari harafin ط suka ɗora masa aikin. A rubutun boko kuma tun cikin shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ. Ki kula da su sosai a littattafan nan naki, don lanƙwasar ce ta raba ɓera da bera, ta raba ƙafa da kafa, ta raba ɗaki da daki.

Ɗoki yana da 'yan'uwa, kuma matasa na yawan cakuɗa su. Zumuɗi ɗoki ne da ya fito fili, jiki na rawa, har mutum ya yage shafi garin buɗewa. In babba ya ce miki "zumuɗinki ya yi yawa," faɗa ya yi miki. Ɗoki kuwa ba abin faɗa ba ne. Marmari daban yake: abin da kika taɓa ɗanɗana, kika daɗe ba ki samu ba, shi kike marmari. Kakarki tana marmarin Kano, ke kuwa kina ɗokin zuwa. Kin ga bambancin.

Littafi asalinsa Larabci ne, daga al-kitab. Bahaushe ya ɗauke shi da "al" ɗinsa, bakinsa ya tauna shi har ya koma littafi, ya kuma yi masa jam'i irin na gida, littattafai. Haka al-waƙt ya zama lokaci, al-imam ya zama liman, al-lauh ya zama allo, al-ƙalam ya zama alƙalami. Ke da kike da Larabci a baki za ki riƙa cin karo da irin waɗannan kamar kina tsintar dangi a kasuwa. Amma kada ki maida su gidan jiya. Na ji yara a Jidda suna cewa "ba ni kitabina," na kuma san saurin baki ne, sai dai kalmar da ta shekara ɗaruruwa a bakin Hausawa ta zama tasu, ba ta da wani laifi da za a gyara mata.

Yanzu ga abin da ba ki tambaya ba, wanda shi ya fi damuna. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya, ba ya nuna jan wasali. Za ki ga "gari" a shafi, ba abin da zai gaya miki ko na zama ne ko na tuwo. Za ki ga "wuya," ko wanda ake rataya sarƙa, ko ta sha. "Kuka" ko na hawaye, ko na miya. Wanda ya tashi a Katsina ko Damagaram ba ya ko lura, kunnensa ke yi masa aikin. Ke da kika tashi Hausarki a gida kaɗai take, a waje sai Larabci, idonki zai wuce kalma ki ɗauka kin san ta, alhali da kin furta da an ji kin karkace. Saboda haka ina roƙonki, littafin farko kada ki karanta shi a zuci. Ki zauna gaban kakarki bayan Isha, ki ɗaga murya. Duk inda ta ce "a'a, sake," ki sake. Ita ce ƙamusunki. Ƙamusun Bargery da aka buga a 1934 yana da tarin kalmomi masu yawan gaske, amma ba zai ji muryarki ya tsayar da ke ba. Ki kuma riƙe ɗan littafin rubutu a gefe, kalmar da ita ma ta tsaya tana tunani a kanta, ki rubuta ki aiko.

Sai karin maganar. Cikakkiyarta ita ce, "Karatu, farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma." Nan ma lanƙwasa ta ɓace miki. Maɗaci itace ne babba mai inuwa, ana shuka shi a bakin hanya a garuruwan ƙasar Hausa, masassaƙa kuma na son katakonsa. Ɓawonsa ake sassaƙowa a jiƙa, ruwan ya yi ja, a ba mai ciwon ciki ko zazzaɓi. Daga ɗaci sunan ya fito, tushe ɗaya da maɗaciya, 'yar jakar nan da mahauci ke cirewa a hankali daga jikin hanta don kada ta fashe ta ɓata nama. Ki lura Bahaushe bai zaɓi guba ba, magani ya zaɓa, abin da ake yamutsa fuska a haɗiye don ana son lafiya. Almajiran allo aka fi yi wa wannan magana, masu karatu da asuba cikin sanyin hunturu a bakin wutar kara. Ke naki maɗacin shi ne shafukan farko, inda za ki riƙa tuntuɓe a kan kalmomi irin su zaure da soro da rumbu, abubuwan da ba ki taɓa gani a Makka ba. Ki fara da wanda ya fi gajerun labarai a cikinsu, mai yawan hira, ki bar na waƙoƙi sai ƙarshe, don mawaƙa sun fi kowa tono tsofaffin kalmomi.