An sari ƙanena an ƙwace masa waya, amma a gida shi ake wa faɗa

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Dan Allah ina neman ƙarin haske. Satin da ya wuce ƙanena yana dawowa daga shago bayan isha'i a nan Kano wasu yara uku suka tare shi suka ƙwace wayarsa, da ya ɗan yi gardama suka sare shi a hannu, sai da aka yi masa ɗinki. To tun daga ranar Baba da yayyenmu ba su da magana sai "wa ya ce ka fito da waya a titi", "wa ya ce ka bi lungu", har wata gwaggonmu ta ce in ɓera da sata daddawa ma da wari. Yanzu yaron ya daina magana da kowa, ko rahoto ya ƙi zuwa ya kai. Ni dai na rasa, shin da gaske yana da nasa kason na laifin?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya mayar masa da mafi alheri.

A'a, ba shi da kaso, ko na sisin kwabo. Kuma ba wai don in kwantar miki da hankali nake faɗa ba, haka abin yake a doka haka yake a fiƙihu. Karin maganar nan ta Gwaggo na sha jin ta a bakin mutane, har a harabar kotu, amma ki tsaya ki duba ta da kyau, ita daddawa wari ai halittarta ce, ba ta tashi daga mazubinta ta je ramin ɓera ba, shi ne ya taka da ƙafarsa ya zo. Ƙaninki riƙe wayarsa ya yi, da kuɗinsa ya saya, a titin da kowa ke da ikon bi. Su kuma suka ɗauki wuƙa tun daga gida, suka zaɓi lungu mai duhu, suka jira, suka ga mutum suka ce wannan. Kowane ɗaya cikin waɗannan shawara ce da suka yanke da hankalinsu, kuma alhaki yana bin wanda ya yanke shawarar cutarwa ne.

A dokar Final Kod, wato dokar hukunta laifuka da ake aiki da ita a Arewa tun 1960, sashe na 286 ya ce sata ita ce ɗauke kayan mutum daga hannunsa da mugun nufi ba da yardarsa ba. Ki karanta shi daga farko har ƙarshe ba za ki ga inda aka ce "sai dai in mai kayan ya yi sakaci" ba. Wannan ma ta wuce sata tunda an zare makami, fashi ne, kuma a 2023 majalisar tsaron jihar Kano da kanta ta ayyana ƙwacen waya a matsayin fashi da makami. Ban taɓa ganin alƙalin da ya rage wa ɗan fashi shekara ɗaya ba saboda wai wanda aka yi wa fashin yana latse-latse a hanya. Inda sakacin mutum yake shiga lissafi daban ne, shari'ar neman diyya ce kan abin da ya faru ba da gangan ba, misali mai mota ya buge mutum, sai a gano shi ma mutumin ya tsallaka titi bai duba ba, to nan kotu tana iya rage kuɗin da za a biya shi. Haɗari kenan, babu wanda ya fito da niyya. Mutane sai su ɗauko wannan ma'aunin su ɗora wa mai wuƙa, ai bai hau ba.

Na san Baba zai fi jin maganar malamai a kan tamu ta lauyoyi, to ga ta. Malaman fiƙihu sun yi maganar hirzi, wato ma'ajiyar da aka saba adana irin wannan kayan, suka ce ba a yanke hannu sai an ɗauke abu daga hirzinsa. Wasu sai su ji wannan su ce kin gani, ashe mai sakaci ma yana da laifi. Ba haka ba ne. Sharaɗin an sa shi ne don a taƙaita haddi saboda nauyinsa, amma wanda ya ɗauki kayan da aka bari a fili har yanzu azzalumi ne, zai mayar da kayan kuma alƙali zai yi masa ta'aziri, mai kayan kuwa babu hukuncin komai a kansa. Ki tuna ƙissar Safwan ɗan Umayya da ta zo a Muwaɗɗa, ya kwanta barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare. Da aka kai maganar gaban Annabi (SAW) ɓarawon aka hukunta, ba a ruwaito an ce wa Safwan me ya kai ka barci a bainar jama'a ba. Balle abin da ke hannun mutum yana farke. Shi kuwa tare hanya da makami ma babinsa daban, hiraba ce, ta fi sata muni nesa ba kusa ba.

To me ya sa Baba yake faɗa? Ni ban ɗauka ƙiyayya ba ce, tsoro ne. Wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka mai suna Melvin Lerner ya yi gwaji da abokiyar aikinsa a 1966, suka sa ɗalibai suna kallon wata mata ana nuna kamar ana jona mata lantarki duk lokacin da ta yi kuskure a wani karatu. Waɗanda aka ba su damar taimaka mata ba su ga aibinta ba, amma waɗanda suka ga ba abin da za su iya kuma azabar za ta ci gaba sai suka koma kushe ta. Zuciya ba ta son yarda cewa mutum zai iya yin komai daidai kuma masifa ta same shi, don in ta yarda to ita ma ba ta tsira ba. Baba ba zai iya kamo yaran nan uku ba, bai san ko su waye ba, wanda yake gabansa a tsakar gida da bandeji shi ne ɗansa, sai a bar jaki a koma dukan taiki. Wallahi ko ni da nake wannan bayanin, ranar da aka fasa motar wani abokina aka ɗauke jakarsa, abin da ya fara fitowa bakina shi ne "a kan kujera ka bar ta?", sai da na ga yadda fuskarsa ta canja na ji kunya.

Ba ina cewa a daina yi wa yara nasiha ba fa. A ce musu su sa waya a aljihu in dare ya yi, kar su yi kokawa da mai makami, duk daidai ne, ɗaure raƙumi ne kafin tawakkali. Amma wannan maganar ta kafin abu ya faru ce. In aka juyo da ita kan wanda jininsa ya zuba sai ta zama tuhuma, ga shi kin gani da idonki, yaron ya yi shiru ya ƙi kai rahoto, kuma babu wanda ya ci ribar shirun nan sai waɗanda suka sare shi, yau ma suna lungun. Irin wannan ne ya fi yi wa 'yan matan da aka yi wa fyaɗe illa, da an fara "me ya kai ki ɗakinsa" shikenan magana ta mutu a gida.

Ke yanzu ki fara da shi, ki zauna kusa da shi ki faɗa masa da bakinki cewa ba laifinsa ba ne, kar ki haɗa da "amma". Sannan ki duba ko kwalin wayar yana nan, akwai lambar IMEI a jiki, wato lambar shaidar wayar da ake gane ta da ita, ku tafi da ita da takardar asibiti ofishin 'yan sanda mafi kusa da inda abin ya faru. In bai rufe layinsa ba ya je ofishin kamfanin layin da lambarsa ta NIN a rufe tsohon a ba shi sabo, ya kuma sanar da bankinsa, don yaran nan sun iya cire kuɗi da layin mutum. Shi kuma Baba kar ki tare shi da gardama a gaban yayyenki, ba zai sauko ba. Ki bari sai ya dawo daga masallaci yana shi kaɗai, ki ce Baba ɗanka fa tsoro ne ya hana shi fita, da za ka raka shi wajen 'yan sanda da ya je.