Amsa: Me ke cinye mini yunit a mita?

Malam, ka ce katin wutarka ba ya kai mako biyu, kana zargin firiji. Ni ma a Samaru haka na ɗauka, ashe hitar ruwa ce. Da hunturu ya kankama, kowane yaro sai ya dafa bokitinsa da asuba.

Kashe komai a gidan, ka tsaya gaban mita, a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya. Duba jar fitilar nan: in ta hau ƙiftawa da sauri, ka kama ɓarawon. Yunit ɗaya wat 1000 ne na awa guda, to dutsen guga mai wat 1000 awa ɗaya ya cinye shi. Ƙwan LED mai wat 10 kuwa sai ya yi awa 100.