Gida mai suwimin ful (wurin ninkaya) da ƙananan yara, a saya ko a haƙura?

'Yar uwa, kin ce gidan ya yi miki kuma kuɗinsa daidai aljihu, matsalar kawai suwimin ful ɗin da yaranki biyu da ba su kai shekara 5 ba. Ni dai ba zan ce ki fasa ba, amma wallahi kar ku tare sai an zagaye ruwan da shingen ƙarfe ta ko'ina, tsayinsa aƙalla mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta, sakatar can sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Katangar gida ba ta wadatar ba, ai yaran a ciki suke.

Yaro in zai nutse ba ihu yake ba, shiru kawai, kina kicin kin juya ki duba miya shi ke nan, Allah ya kiyaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce 'yan shekara 1 zuwa 4 su suka fi shiga haɗarin nan. Balan-balan ɗin da ake sa wa yara a hannu don ninkaya kuwa kayan wasa ne, kar ki dogara da shi.

Sannan ki lissafa kuɗin famfo da kulorin (maganin tsaftace ruwa) da wuta, lokacin hunturu ƙura ce kullum, in aka bar ruwan ya yi kore kuma gonar sauro kenan.