Kafin Kilimanjaro, ka fara sabawa da Kufena

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya da daddare, cewa kana tara kuɗi za ka je hawan dutsen Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya kuma kana so ka san ko ka sayi babbar kyamara ko wayarka ma ta isa, sannan yaya ake ɗaukar hoto mai kyau a can sama. To bari in ba ka abin da na gani da idona, don na hau dutsen nan ta hanyar Machame, kwana 7 muka yi, kuma shekaruna sun kai goma ina yawo da kyamara a nan Zariya da kewaye.

Maganar gaskiya, kar ka fara da sayen kyamara, ka fara da Kufena, dutsenmu na nan Zariya. Na san za ka ce ina Kufena ina dutsen da tsayinsa ya kai mita 5,895, amma ka tsaya ka ji dalili. A can sama ba wurin koyo ba ne. Duk abin da hannunka bai iya yi da kansa ba tun daga gida, to wallahi ba za ka iya shi a can ba, saboda kanka ma ba ya aiki yadda ka saba. Mu nan Zariya ba mu kai mita 700 daga saman teku ba, jikinmu bai san ƙarancin iska ba sam, a ƙololuwar dutsen kuwa iskar da kake shaƙa kusan rabin wadda ake samu a bakin teku ce. Ni a sansanin Barafu, wanda ya haura mita 4,600, ɗaura igiyar takalmi kawai sai da na zauna na huta. A irin wannan hali ne kake so ka tsaya kana latse-latsen sabuwar kyamara kana neman inda ake ƙara haske?

Daren hawa ƙololuwa wajen sha biyun dare aka tashe mu, kowa da tocilan a goshi, safar hannu biyu biyu, sanyi kuwa ko hunturun Jos na ƙarshen Disamba bai kama ƙafarsa ba, ruwan gorata ma ya fara daskarewa. Babbar kyamarata tana cikin jakar baya, kuma tun daga Barafu har muka isa Stella Point, dab da ƙololuwa, wajen awa shida ban ciro ta ko sau ɗaya ba, don kafin ka sauke jaka ka zuge zif ka cire safar hannu yatsunka sun mutu, ga jagora yana cewa pole pole, wato sannu sannu da Swahili, amma ba ya so ka tsaya ka daɗe don kar jikinka ya huce. Hoton da ya fi mini kowanne daraja a tafiyar nan, fitowar rana ta bayan tsaunin Mawenzi da layin mutane suna hawowa kamar tururuwa, da waya na ɗauke shi, saboda ita ce a aljihun ƙirjina. Wannan ya kamata ka riƙe, abin da hannunka zai kai gare shi cikin daƙiƙa biyar shi ne zai yi maka aiki. In har ka sayi kyamara to ƙarama mara nauyi, gilashi ɗaya tal, ka rataye ta a gaba cikin rigar sanyi. 'Yan dako suna ɗaukar babbar jakarka amma su tun da safe suke wuce ka su je su kafa tanti, duk abin da ka bari a wurinsu ba za ka sake ganinsa ba sai yamma.

Batir shi ne babban abokin faɗa. Sanyi yana sa batir ya yi kamar ya mutu, waya tana nuna 60 sai kawai ta ɗauke, in ka ɗumama ta a jikinka kuma ta dawo. Ni da su nake kwana cikin jakar barci, waya da batir biyu na kyamara da fawa bank, kuma da rana suna aljihun ciki kusa da fata. Babu inda za ka yi caji a hanyar Machame, tanti ne kawai, to ka kashe data ka sa waya a yanayin jirgi tun daga ƙofar shiga. Sikirin ba ya jin safar hannu mai kauri, ka saba da danna maɓallin ƙara sauti wajen ɗauka tun yanzu. Sai dusar ƙanƙara, ita tana ruɗar kyamara, tana ganin fari ya yi yawa sai ta rage haske, ƙanƙarar ta fito toka-toka fuskarka kuma ta zama baƙi ƙirin, mu da muke da duhun fata abin ya fi damunmu, sai ka taɓa fuskar mutum a sikirin ka ɗan ja hasken sama. Kuma ka ɗauki ƙanƙarar nan da kyau, fiye da kashi 80 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta riga ta narke, abin da ya rage katanga ce fara a gefe guda, ni da na tsaya gabanta sai da jikina ya yi sanyi ba don iska ba.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne nake so ka fi saurare na. Kufena yana yamma da birni ta wajen Wusasa, to in ka hau da sassafe kana kallon gari rana tana fuskarka, abin da za ka samu inuwar rimaye ne da hasumiyoyin masallatai da hayaƙin girki yana tashi, in kuma ka hau bayan la'asar rana tana bayanka sai garin ya fito da launinsa, jar ƙasa da kwanon rufi da koren gonaki. Wuri ɗaya ne amma hoto biyu daban, kuma in ka fahimci wannan a Kufena ka fahimce shi a kowane dutse a duniya. Mu kusa muke da layin da ya raba duniya arewa da kudu, rana ba ta jan ƙafa wajen tashi, hasken nan mai laushi bai cika wuce minti talatin zuwa arba'in ba, ƙarfe tara ta yi an gama, komai ya yi fari fat. Tanzaniya ma haka take, ta ma fi mu kusa. Shi ya sa nake cewa ka yi asuba ka fita, ka hau da jaka mai ɗan nauyi a bayanka, ka gwada ɗaukar hoto kana haki, ka ga yadda hannu ke rawa, ka koyi riƙe numfashi da jingina gwiwar hannu a dutse. Ka yi haka duk Asabar wata uku, ƙafarka da idonka za su ƙaru tare. Amma dan Allah kar ka je kai kaɗai, ku kasance uku ko huɗu, ku gaisa da mutanen da ke ƙasan dutsen ku tambaye su halin da ake ciki kafin ku hau, kuma in an yi ruwa dutsen nan santsi gare shi sosai.

Lokaci ma yana da nasa. Da hunturu hazo yana cinye nesa, mutane suna ganin ba lokacin hoto ba ne, ni kuwa ina son sa, rana tana zama kamar faifan jan ƙarfe har ka iya kallonta, in ka samu mai keke ko Bafulatani da shanu a gaba sai hoton ya tsaya. Illa dai ƙura, kar ka kuskura ka canza gilashin kyamara a fili a watan Janairu, na taɓa yi sau ɗaya ɗigo-ɗigo suka bi mini hotuna sai da aka wanke cikinta. In kana son nesa ta fito tar, sai washegarin ruwan sama a Agusta ko Satumba. Daga nan in ka samu hali ka je tsaunukan Shere a Jos, sun kai wajen mita 1,800, ko Mambila a Taraba inda gajimare ke bi ta ƙasanka, can ne ma Chappal Waddi yake, mita 2,419, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya. Duk ba za su koya wa jikinka ƙarancin iska irin na Kilimanjaro ba, wannan sai dai ka zaɓi hanya mai kwanaki da yawa kuma ka ga likita kafin ka tafi, amma za su koya maka tafiyar yini guda da kyamara a wuya.

Wani abu da ban gane ba sai da na dawo. Na zo da hotuna sun fi dubu, yawanci dutse da gajimare, da na zauna da Hajiyarmu ina nuna mata duk ba su ɗauki hankalinta ba, inda ta tsaya ta daɗe shi ne hoton wani ɗan dako da ya shimfiɗa rigarsa bayan tanti yana sallar magariba yana fuskantar arewa, ta ce yaya haka, na ce ai can alƙiblarsu kusan arewa take ba gabas ba irin tamu. Da wani na hannun mai girkinmu yana miƙo mini kofin shayi da asuba, yatsunsa duk sun faffashe. Hoton allon ƙololuwar Uhuru kowa yana da shi, layi ma ake yi, minti goma ko sha biyar jagora zai ce a sauka. To ka sa mutum a hotonka, shi ne ke nuna girman dutsen ma. Amma ka nemi izini, a can da nan. A Zariya in ka shiga birni wajen masu ɗinkin babbar riga da hannu ko bakin Masallacin Juma'a na fada, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina tun ƙarni na 19, ka fara sallama ka zauna a yi hira tukuna, in dattijo ya ce a'a to a'a ne, mata kuwa kar ka ɗaga musu waya sam sai da yardarsu, barikin soja da shingen jami'an tsaro kuma ka sa wayarka a aljihu ka wuce. Ni nakan wanko hoton in kai wa mai shi, kuɗin kaɗan ne, kuma zuwa na biyu shi da kansa zai ce maka tsaya nan haske ya fi.

Ranar Hawan Daushe ma makaranta ce babba, dawakai da gudu ga ƙura ga cunkoso, in ka iya kama jafi a gaban fada ba tare da hoton ya yi dishi-dishi ba to hannunka ya faɗa.

In ka dawo kar ka tura wa mutane ta WhatsApp kai tsaye ka goge na asali, yana matse hoto ya kashe shi, ka tura a matsayin dokumen kuma ka ajiye kwafi a wuri biyu. Kuɗin da ka ware wa babbar kyamara ni da zan ba ka shawara sai in ce ka sa su a takalmi mai kyau da safar hannu da ƙarin kwana ɗaya a kan dutsen, kuma ka auna tafiyarka ta faɗo Janairu zuwa Fabrairu ko Yuli zuwa Oktoba, don Afrilu da Mayu ruwa ake yi sosai. Ka faɗa mini wace waya ce a hannunka yanzu, in kuma kana gari Asabar mai zuwa mu haɗu a Ɗanmagaji bayan sallar asuba mu hau tare, ka zo da ruwa da takalmin da ba ya santsi.