Tambayoyinku: Ta sauka lafiya, sai jini ya ƙi tsayawa

Saƙonni sun taru wannan karon kuma kusan duk a kan haihuwa ne, na ɗebo huɗu, sauran ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Kamar kullum na cire sunaye.

Tambaya: Anti barka da aiki. Yayata ce ta rasu wata biyar da suka wuce, haihuwarta ta shida, a gida ta sauka lafiya lau har ta karɓi jaririn tana dariya, sai jini ya ƙi tsayawa aka ce a ɗan jira ai ta saba, kafin a samu mota an kai awa uku, a hanya ta cika. Yanzu nima ina da ciki wata bakwai wallahi ko barci bana iyawa. Dan Allah me ya kashe ta, kuma ya zan yi?

Amsa: Allah ya jiƙanta, ya raya abin da ta bari, ke kuma ya sauke ki lafiya ƙanwata. Ban ga yayarki ba amma yadda kika ba da labarin ya yi kama da zubar jini bayan haihuwa, wanda shi ne kan gaba a abubuwan da ke kashe masu haihuwa a duniya.

Kin ga inda mabiyiya take manne a jikin mahaifa, idan ta ɓanɓaro ta fito wajen nan buɗaɗɗen ciwo ne, jijiyoyin jini a buɗe. Abin da ke rufe su shi ne mahaifar ta tsuke ta matse su. Idan ta gaji ta saki jiki, to jini zai ta tafiya, kuma mace mai ƙoshin lafiya ma cikin awa biyu za a iya rasa ta. Wannan maganar ta "ai ta saba" ita ta fi ci min rai wallahi, domin wadda ta yi haihuwa biyar shida mahaifarta ta fi saurin sakin jiki, balle in dama tana da ƙarancin jini tun tana goyon cikin.

A ƙa'ida in jini ya kai rabin lita an shiga haɗari. Matsalar ido baya iya aunawa. Na taɓa yin aikin dare, wata baiwar Allah ta haihu ba wata wahala, muna ta hira, can sai naji tace "Sista ƙishirwa nake ji, kuma barci nake ji." Na taɓa tafin hannunta sanyi ƙalau, ga gumi a goshi. Da na ɗaga zanin da ke ƙarƙashinta sai naga katifar ta shanye jinin tas, daga sama ba ka ganin komai. Na dafa mararta, maimakon inji mahaifar da tauri kamar ƙwallo ƙasa da cibiya sai na ji ta luguf. Nan na hau murzawa ina kwala wa abokiyar aikina kira ta kawo allura da ruwa. Ta tashi alhamdulillah, amma har yau in mai jego ta ce min tana jin barci sai na leƙa ƙarƙashinta.

Magungunan abin nan fa ba wasu masu wuya ba ne. Akwai allurar oksitosin da ake yi wa mace cikin minti ɗaya da fitowar jariri dan mahaifa ta tsuke, sai dai tana son firij, in zafi ya dake ta ƙarfinta raguwa yake, shi yasa a wuraren da ba wuta ake amfani da ƙwayar misoprostol. Akwai kuma traneksamik asid, an gwada shi a kan mata kusan 20,000 a ƙasashe 21, sakamakon ya fito a 2017, aka ga in an ba da shi cikin awa uku mace-macen zubar jini na raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 2023 kuma aka fitar da wani binciken da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, leda ce kawai mai ma'auni ake shimfiɗawa ƙarƙashin mace tana tara jinin ana gani da lamba, da ya kai layi sai a haɗa mata duk matakan a lokaci guda ba ɗaya bayan ɗaya ba. Mummunar zubar jini ta ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari.

To ke yanzu, ki je awo a duba yawan jininki, ki dage da shan maganin ƙarin jinin nan ko da yana tayar miki da zuciya (ki gwada shan shi da dare in za ki kwanta), ki faɗa musu labarin yayarki. Ki haihu a inda akwai ƙwararriyar ungozoma. Kuma tun yanzu ku zauna da maigida a tsayar da magana: motar wa za a kira ko ƙarfe biyun dare ne, wa zai ba da jini in an buƙata, kuma in baya nan wa zai ce a tafi. Bayan kin sauka kar ki yi gaggawar komawa gida, ki bari a kai awa 24 ana duba ki.

Tambaya: Salam. Matata cikin fari ne wata takwas, kwana biyu tana kukan ciwon kai, fuskarta da hannayenta sun kumbura har zobe baya fita, jiya tace tana ganin wasu taurari-taurari. Na siyo mata farasitamol. Ko gajiya ce?

Amsa: Malam ajiye mujallar nan ka kai ta asibiti yau, ba gobe ba. Na riga na ba ka wannan amsar ta waya ranar da saƙonka ya shigo, na sa ta a nan ne saboda sauran maza. Kumburin ƙafa kaɗai yawanci ba komai, amma ciwon kai mai naci da kumburin fuska da ganin dishi-dishi, wani lokaci da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamun hawan jinin masu ciki ne wanda ke kaiwa ga jijjiga. Yana zuwa ne bayan sati 20 kuma ya fi kama masu cikin fari. Za su auna jininta, in ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce su duba fitsari, in ya yi tsanani akwai allurar magnesiyam salfet wadda babban binciken da aka fitar a 2002 ya nuna tana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi. In likita yace sai an ciro yaron kafin lokaci kar ka tsaya ja-in-ja, rabuwa da cikin shi ne maganin na asali. Farasitamol ɗin zai ɓoye ciwon kan ne kawai.

Tambaya: Hajiya ina wuni. Ɗiyata ta haifi bakwaini, kilo ɗaya da ɗigo bakwai, asibitin kwalba ɗaya gare su kuma da wani a ciki, sai nas tace wai uwar ta ɗaure shi a ƙirjinta ba riga. Ni dai hankalina bai kwanta ba, gani nake sallamar mu kawai suke son yi.

Amsa: Mama ki kwantar da hankalinki, nas ɗin nan ta san aikinta. Wannan dabarar a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978, wani likitan yara Edgar Rey ya rasa yadda zai yi da bakwainai sun fi kwalaben da yake da su yawa, har ana haɗa biyu uku a kwalba ɗaya suna shafa wa juna cuta, sai ya maida su ƙirjin iyayensu. Ana ce mata renon kangaru saboda dabbar nan da ke yawo da ɗanta a aljihun cikinta. Abin da ya fara a matsayin dole yanzu shi ake koyarwa ko'ina, har Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce a fara shi nan take bayan haihuwa, ba sai an jira jaririn ya yi ƙwari a kwalba ba.

Babban abokin gaban bakwaini sanyi ne, ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, ko garin da zafi shi sanyi yake ji. Za a sa masa nafkin da hula da safa kawai, a kwantar da shi a tsaye tsakanin nonuwan uwar, fata na taɓa fata, kansa a juye gefe ɗaya dan hanci ya samu iska, ƙafafunsa a buɗe kamar na kwaɗo, sai a ɗaure da zani mai laushi daidai ƙasan kunnensa. Awa 8 zuwa 24 a rana, iya yadda za a iya. In uwar za ta yi wanka ko ta gaji ke ki karɓa, uban ma ya karɓa, ƙirji ƙirji ne. Nono duk bayan awa biyu, in bai iya tsotso ba a tatsa a ba shi da ɗan kofi. Cibiya a bar ta a bushe da tsabta, in sun ba ku maganin shafawa na kuloheksidin shi kaɗai za a sa, kuma kar ya kusanci ido.

In ya daina karɓar nono, ko jikinsa ya yi sanyi ko zafi, ko numfashi na sauri ƙirji na lotsawa, ko ya yi lakwas, ko tafin hannu da ƙafa sun yi rawaya, a koma a lokacin ko da dare ne. Jarirai kusan miliyan 2.3 ke mutuwa a watan farko duk shekara a duniya, kuma mafi yawansu a satin farko ne.

Tambaya: Anti ni ɗaliba ce ina karatun ungozoma. Wai talauci ne kawai yasa matan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suka fi mutuwa wajen haihuwa?

Amsa: Talauci na ciki sosai ɗiyata, alƙaluman 2023 sun nuna mata kusan 260,000 suka rasu, sama da 700 kenan kullum, fiye da kashi 90 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, kusan kashi 70 a Afirka kudu da Sahara. Amma ki duba Siri Lanka, ba wata mai kuɗi ba ce lokacin da ta rage mace-macen nan, ungozomomi ta horar ta baza su ƙauyuka, haihuwa a asibitin gwamnati kyauta, kuma duk macen da ta rasu sai an zauna an binciki dalili. Za ku karanta jinkiri uku da wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka rubuta a 1994: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun nan namu ne, mu ma'aikata, kuma ba ma son a faɗa. Macen da aka daka wa tsawa tana naƙuda, ko aka bar ta a benci awa biyu ana neman kati, ba za ta dawo haihuwa ta gaba ba, kuma za ta hana ƙawayenta biyar zuwa. Idan kin fara zuwa ɗakin haihuwa, kafin ki karɓi aiki ki buɗe firij ki ga oksitosin na nan kuma da sanyinsa, ki tabbatar na'urar awon jini na aiki, sannan ki bi gado-gado ki dafa marar kowace mai jego.